Wa ya kasa ji? Ɗan littafin faransancin soja na 1916 a gaban nutsewar jirgin Sequana

1. Mafari

Ɗan littafin da muke so mu yi sharhi a kansa bai kai shafi 40 ba, kuma marubucinsa bai sa sunansa ba. An buga shi a Paris a 1916, a maɗaba'ar L. Fournier mai buga littattafan soja, da sunan Le français tel que le parlent nos tirailleurs sénégalais, wato faransanci yadda sojojinmu baƙar fata suke yin sa. Masana sun sha duba shi ta fuskar tarihin harsunan bariki, musamman Cécile Van den Avenne a littafinta na 2017. Mu kuwa ta wata ƙofa za mu shiga. Duk littafin koyon harshe alkawari yake ɗauka: in ka bi ni, za ka yi magana a ji ka. Hanyar auna shi ita ce a kai shi wurin da rashin ji yake kisa, a ga ko ya cika alkawarin. Wurin da muka zaɓa shi ne wani jirgin ruwa na fasinja da Jamusawa suka nutsar shekara guda bayan fitowar littafin. Ba muna cewa littafin yana cikin aljihun hafsoshin jirgin ba ne. Muna ɗaukarsa a matsayin madubin yadda rundunar Faransa ta tsara magana da sojojinta na Afirka a lokacin.

Kalmar sénégalais kada ta ruɗi mai karatu. Faidherbe ne ya kafa rundunar a Senegal a 1857, sunan ya bi ta, amma mutanenta daga ko'ina cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa aka kwaso su: Bambara, Mosi, Fulani, Zabarmawa, Hausawa. Ƙasar Ƙonni ta san su tun watan Mayu na 1899, lokacin da ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni; masu riƙe da bindigogin a ranar irin waɗannan sojoji ne. Daga baya rundunar da ta ci ƙasa ta koma neman ɗiyan ƙasar su sa kakinta. Saboda haka maganar ta shafi Adar kamar yadda ta shafi Segu ko Wagadugu.

2. Daren 8 ga Yuni 1917

Daga ranar 1 ga Fabrairu 1917 Jamus ta saki jiragenta na ƙarƙashin ruwa su nutsar da duk jirgin da ya doshi Ingila ko Faransa, ba gargaɗi, ba tambayar abin da ya ɗauko. Sequana jirgin fasinja da kaya ne na kamfanin Sud-Atlantique, yana zirga-zirga tsakanin Bordo da Amurka ta Kudu. A wannan tafiya ya taso daga Buenos Aires, ya biya Dakar ya ɗauki sojoji baƙar fata 400, ya zama mutum 665 ke cikinsa. Ranar 8 ga Yuni, cikin dare kafin asuba, yana kusa da tsibirin Yeu, wato gaɓar Faransa ta riga ta matso, jirgin Jamus mai lamba UC-72 ya harbe shi da torpille, bam ɗin nan mai gudu da kansa cikin ruwa ya fasa jirgi ta ƙasa. Bai daɗe ba ya nutse. Mutum 207 suka mutu.

Sai an raba wannan adadi gida biyu yake magana. Cikin 207 ɗin, 198 sojojin da aka ɗauka a Dakar ne. Ke nan cikin sojoji 400 kusan rabi ruwa ya ci. Cikin sauran mutum 265, ma'aikatan jirgi da fasinjoji, 9 ne suka rasu, wato kamar mutum guda cikin 30. Jirgi ɗaya, bam ɗaya, ruwa ɗaya, dare ɗaya.

Dalilai biyu ake maimaitawa in ana ba da labarin: cewa sojojin ba su iya iyo ba, da cewa ba su fahimci umarnin da ake ba su da faransanci ba. Na farkon bai gamsar da mu sosai ba. Gaskiya ne yaron da ya tashi a Badagishiri, garin da gishirinsa a suna ya tsaya, iyakar ruwan da ya sani tabkin damina ne da ƙoramar da ke cika yau ta ƙafe jibi. To amma manomin Faransa na 1917 shi ma ba gwanin iyo ba ne, kuma a tsakiyar teku cikin dare iyo ba ya kai mutum ko'ina. Masu tsira daga irin wannan nutsewa a kwalekwalen ceto suke tsira, ko a kan wani katako, har jiragen masunta ko na sintiri su tsince su. Tambayar ita ce wa ya kai ga kwalekwale a kan lokaci. A jiragen da ke ɗaukar soja, ƙasa ake jibge su, fasinja da hafsa suna ɗakunan sama. Wanda ke ƙasa, a duhu, jirgi ya karkace, abin da zai fid da shi murya ce: wani ya gaya masa ina matakala take, wane gefe zai bi, me zai ɗaura, me zai yar. Nan ne dalili na biyu ya shigo, nan ne kuma ɗan littafinmu yake da amsar bayarwa.

3. Abin da littafin ya koyar

Littafin kashi biyu ne. Na farko ƙa'idodi, na biyu jimloli na horon soja da aka juya daga faransancin kirki zuwa wannan faransanci na bariki. Abin lura na farko: ba soja aka rubuta ma ba, hafsa Bafaranshe aka rubuta ma. Sunan littafin yana cewa ga yadda suke magana, cikinsa kuwa yana cewa ga yadda za ka yi masu magana. Siffantawa ce a bango, doka ce a ciki. Harshen da ake riya sojoji ne suka ƙago shi, ga shi ana koya ma malamansu shi don su koya masu.

Ƙa'idodin duk na ragewa ne. A zubar da le da la. A bar jinsi. Aikatau ya zauna da siffa guda, kada ya sauya da mai aiki. Lokaci kuwa a jingina shi ga wata ƴar kalma ko ga irin su jiya da gobe. Ƴan kalmomin y a da y en a su ɗauki kayan da aikatau iri-iri suke ɗauka. Hujjar marubucin ita ce harsunan Afirka, da bambaranci a matsayin misalinsu, haka suke, marasa rassa, don haka sai a zuba kalmomin faransanci cikin ƙirarsu.

Bari mu ba shi haƙƙinsa kafin mu ƙi shi. Akwai shawara guda a littafin da ba mu da ja a kanta: abu ɗaya, kalma ɗaya, kullum, kada a yi ta sauya masa suna. Wannan ƙa'ida ce ta duk maganar da rai ya rataya a kanta. A kanta aka gina jimlolin ingilishi na bai ɗaya da Hukumar Jiragen Ruwa ta Duniya ta amince da su a 2001, bayan haɗurra irin na jirgin Scandinavian Star a 1990, inda gobara ta kashe mutum fiye da 150, aka kuma samu ma'aikatan jirgin da yawa ba su da harshe guda da fasinjojinsu. Marubucin 1916 ya hango wani abu na gaskiya.

Hujjarsa ta nahawu ce ba ta tsaya ba. Bambaranci da ya kafa misali da shi, gaskiya ba ya da jinsi, amma yana rarrabe aikin da ya kammala da wanda bai kammala ba, da tabbatarwa da korewa, da ƴan kalmomi daban-daban: bɛ da tɛ, ye da ma. Marubucin ya ga aikatau bai sauya siffa ba, sai ya ɗauka ba abin da ya sauya. Bai duba gefen aikatau ba, inda aikin yake. In aka zo hausa kuwa abin ya fi muni. Hausa tana da jinsi, tana da jam'i iri-iri da ke wahal da baƙo, tana da karin sauti da tsawon wasali, ga kuma azuzuwan aikatau bakwai da Parsons ya tsara a 1960. Mu ɗauki aji na shida kawai, mai ƙarewa da -o, mu kai shi cikin jirgin:

(1) a. ku fita / ku fito
b. ku hau / ku hawo
c. ku sauka / ku sauko

Wasali guda ya gaya ma mutumin da ke cikin duhu ko ya nisanci muryar da yake ji ko ya nufo ta. Bahaushen da aka ce ma «ku hawo» ya san mai kiran yana sama, ya san ta wajensa mafita take, ko bai ga komi ba. Wannan shi ne harshen da littafin yake lissafawa cikin marasa rassa, ya ba mai shi aikatau guda busasshe a madadinsa.

Akwai kuma abin da ya fi nahawu nauyi. Duniyar littafin tudu ce: tsayuwa, gadi, riƙon bindiga, harbi. Soja ana ɗauko shi daga Dakar, ba hanyar zuwa Faransa sai teku, kwana da kwanaki, cikin shekarun da ake nutsar da jirage kamar ana kakkaɓar magarya, amma darasin ya faro ne daga inda ya riga ya sauka. Faransancin jirgi kuwa harshe ne mai zaman kansa, ko ɗan ƙauyen Faransa sai ya koya: hagu da dama su koma bâbord da tribord, ramin kaya ya koma cale. Kalmar pont ita ce ta fi ba mu tsoro. Sojan da ya yi ƙoƙari a bariki ya riƙe cewa pont gada ce. A jirgi kuwa pont shi ne daɓen sama, wurin da ake taruwa a shiga kwalekwale. Ƙa'idar kalma ɗaya ma'ana ɗaya ta karye daidai wurin da aka fi bukatarta, kuma wanda ya fi riƙe darasi shi zai fi ruɗewa.

(Mai karatu na iya cewa Ingilishi sun fi dabara, tunda hausa suka mai da harshen umarni a rundunarsu ta Najeriya, har hafsa sai ya ci jarrabawar hausa. Sun fi kusa da sojansu, ba musu. Amma barikancin da ya fito daga nan shi ma jinsi da karin sauti ya fara zubarwa. Bariki, ko na wa ne, harshe mai hanya ɗaya yake so.)

4. Jimlar da ake maimaitawa

Yanzu mu koma ga jimlar da ake bayyana mutuwar mutum 198 da ita, mu yi mata abin da muke sa ɗalibai su yi ma kowace jimla, wato a nemo mai aiki:

(2) Sojojin ba su fahimci umarni ba.
(3) Ba a ba sojojin umarni da harshen da suke ji ba.
(4) Hafsoshi ba su iya harshen sojojinsu ba.

Abu guda ne ya faru, jimloli uku. A (2) sojoji ne masu aiki, gazawar tasu ce, umarnin kuwa lafiyarsa lau. A (3) laifin ya tashi daga kansu amma bai sauka a kan kowa ba, domin wakilin sunan nan «a» na hausa, kamar on na faransanci, gwani ne wajen ɓoye mutum. A (4) ne kawai aka kira mai alhakin. Dokokin teku na yau (4) suke bi: ma'aikatan jirgin fasinja ne aka ɗora ma nauyin iya isar da umarnin gaggawa ga waɗanda suka ɗauka. Labarin Sequana kuwa ya daɗe yana tafiya da (2), kuma (2) ɗiyar littafin 1916 ce, tunda shi ma ya ɗauka matsalar tana cikin kan baƙin mutum da harshensa.

In aka juya (2) da hausar yau da kullum sai a ce «ba su ji ba», nan kuma wani rami ne. Aikatau «ji» ya haɗa abin da faransanci ya raba: entendre, comprendre, obéir, har da sentir. Yaron da ba ya ji ba kurma ba ne. Saboda haka Bahaushen da aka ce ma sojojin ba su ji ba yana iya ɗauka taurin kai suka yi. Mai fassara labarin nan ga mutanenmu sai ya kiyaye, in ba haka ba ya ƙara ma matattu laifi na biyu.

Ba Sequana kaɗai ba ce. Wata huɗu kafin ta, ranar 17 ga Fabrairu 1917, an nutsar da jirgin Athos na kamfanin Messageries Maritimes a tekun Bahar Rum, mutum 754 suka mutu, akasarinsu leburori ƴan Sin da aka ɗauko zuwa Faransa. Su ma a ƙasa suke, su ma harshensu daban.

5. Wanda ya tsira, da wane baki zai faɗa?

Sojoji 202 sun fita da rai. Su ne ainihin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami, domin a labarin da ake maimaitawa ana jin jirgi, ana jin mutanen gaɓa da suka yi ceto, su kuwa adadi ne kawai. A ganinmu nan ma littafin yana da hannu, kuma nan ne gazawarsa ta fi zurfi. Harshen da ya ƙera na karɓar umarni ne. Ba a yi shi don soja ya ba da labari ba.

Me labarin tsira yake bukata? Lokacin da muke tattara adaranci a ƙauyukan da ke kewayen Badagishiri, wani manomi ya ba mu labarin ranar da ƙorama ta tafi da shi. Ga tsakiyar maganarsa yadda ya faɗe ta:

(5) Muna tsakar ƙorama sai munka ji ruri daga gabas. Ni na aza hadari na, ashe ruwa na. Ƙanena yac ce mu koma, niƙ ƙiya. Ruwa yaɗ ɗauke ni, yab buga ni ga icce, nir riƙe reshe har hantsi. Wai can gida har an hwara kuka.

A duba abin da ke riƙe da wannan magana. «Muna» ta shimfiɗa fage. «Munka», «yac», «niƙ», «yaɗ», wato shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wanda muke ce ma accompli relatif da faransanci, su ne suka jera abubuwan ɗaya bayan ɗaya, kowane ya haifi na bayansa. In babu su babu labari, sai tarin aukuwa. «Na aza» da «ashe» sun raba abin da ya zata da abin da ya tarar, kuma a wannan tsakani ne tsoro yake zaune. «Niƙ ƙiya» ikirari ne, mutum ya ɗauki rabonsa na laifi. «Wai» ta ware abin da ya gani da idonsa daga abin da aka gaya masa, wato ita ce ke mai da shi shaida abin yarda. Yanzu mu bi da (5) ta cikin ƙa'idodin littafin, mu rage ta yadda ya ce a rage faransanci:

(6) Ni tsaya ƙorama. Ni ji ruri. Ruwa ɗauki ni. Ni riƙe icce.

Mutumin ya tsira a (6), amma ba ya ciki. Ba zato, ba nadama, ba bambanci tsakanin gani da ji. Wanda ya saurari (6) zai ce mai maganar yaro ne ko wawa, alhali kuwa bakin da aka ara masa ne ƙarami. To da irin (6) ne sojan Sequana zai tsaya gaban mai bincike ko likita ko magatakarda a Faransa ya faɗi yadda aka yi abokin kwanansa ya rage a ƙasa. Ba abin mamaki ba ne in ba a tambaye shi ba, ba abin mamaki ba ne in an tambaye shi ba a ga abin rubutawa ba. Labarinsa irin na (5) sai ya koma gida, in ya koma, kuma a gida ba mai rubutawa.

Kwatanci guda zai nuna cewa ba dole ne abin ya kasance haka ba. Jirgin Mendi na kamfanin Elder Dempster, wanda a 1916 ya kai sojojin Najeriya Dar es Salam, ya nutse ranar 21 ga Fabrairu 1917 kusa da gaɓar Ingila. Shi karo ya yi da wani jirgi cikin hazo. Baƙaƙen leburorin Afirka ta Kudu fiye da 600 suka mutu. Hukuma ta yi shiru shekaru da yawa, amma labarin ya rayu, domin waɗanda suka tsira sun koma sun faɗe shi da harsunansu, kuma a can akwai jaridu da marubuta na waɗannan harsuna, irin su S. E. K. Mqhayi da ya yi waƙe a kansa da harshen xhosa. Yau Afirka ta Kudu tana da lambar girma ta jaruntaka mai sunan Mendi. Sequana kuwa mutanen tsibirin Yeu ne suka yi mata taron cika shekara ɗari a 2017. Mun gode masu. Amma tunawar tana gaɓar da gawawwaki suka nufa, ba ta gaɓar da mutanen suka baro.

Aiki biyu muke ba ɗaliban sashenmu shawara. Na farko na takarda ne: ma'aikatar tsaron Faransa ta sa katunan sojojinta da suka mutu a yaƙin 1914-1918 a intanet, a ma'ajiyar Mémoire des hommes, kuma katin yakan nuna ranar mutuwa da yankin da aka haifi mutum. A bi waɗanda suka mutu ranar 8 ga Yuni 1917, a fid da yankunansu, daga yankunan a fid da harsunan da ke cikin jirgin a daren. Sunayen magatakardan bariki ne suka rubuta su da kunnen Bafaranshe, don haka sai wanda ya san tsarin sautin harsunanmu zai iya mai da su yadda iyayensu suka raɗa. Na biyu na ƙafa ne. A Illela da Malbaza da Ƙonni akwai gidajen tsofaffin soja da suka ƙetare teku zuwa Faransa, ko Indoshin, ko Aljeriya, kuma ɗiyansu da jikokinsu suna riƙe da guntayen abin da suka faɗa game da jirgi da ruwan gishiri. A ɗauki maganar yadda ta fito. Wajen rubutawa kada a gyara «munka» ta koma «muka», kada a share «wai» don jimla ta yi kyau, kuma in mai magana ya ce bato a bar masa batonsa, a sa fassarar faransanci a shafin da ke fuskantar na hausa.